Rezo Har Ƙauye: Kuɗin Wa Ne, Kuma Ina Suka Tsaya?

Gaisuwa ga mutanen Madarunfa da Ɗan Isa da Jiratawa, da na Safo da Gabi da Sarkin Yamma, da duk wanda wannan shiri ya iske a gona ko a kasuwa ko a bakin tafki. Filin faɗakarwa na yau zai duba maganar intanet a karkara, da kuɗin da gwamnati ke zubawa don a kai shi can.

A watan Satumba na 2021 hukumomin Najeriya suka rufe layukan salula a jihar Zamfara baki ɗaya. Ba a jima ba aka haɗa da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, maƙwabciyar Ɗan Isa. Dalilin da aka bayar shi ne a raba 'yan bindigar daji da masu kai musu rahoto. Tsawon watanni salula ta zama kwalliya a aljihu. Mai jiran ɗansa ya turo kuɗin magani daga Legas, ko mai son jin yadda 'yarsa ta sauka a gidan miji, sai dai ya biya kuɗin mota zuwa Katsina, ko kuwa ya nemi layin Nijar ya matso kusa da iyaka yana laluben rezon wannan ɓangaren. Ciniki ya ja baya, zumunci ya yi wuya, har aka fara buɗe layukan jihar Katsina a watan Disamba.

Abin da mutanen Jibiya suka ɗanɗana na ɗan lokaci, shi ne zaman yau da kullum a ƙauyuka da yawa na Nijar. Ba wanda ya rufe musu rezo, tun farko ne ba a kai ba. A wasu wuraren kuma an kai rabi: kira yana shiga idan an hau tudu ko an tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani, amma saƙon murya na minti ɗaya sai ya wuni yana juyi bai tafi ba.

Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, kuma fiye da mutum 8 cikin 10 a karkara suke zaune. Masu amfani da intanet, ko a ƙididdigar da ta fi kyautata zato, wajen mutum ɗaya cikin uku ne, wasu alƙaluman ma ƙasa da haka suke nunawa. Kamfanoni huɗu ne ke riƙe da kasuwar salula: Airtel, da Moov, da Zamani wanda ya gaji Orange bayan ta sayar da reshenta a 2019, sai Niger Telecom na gwamnati, wanda aka samar a 2016 da aka haɗe Sonitel da SahelCom.

To me ya hana su shiga ƙauye? Lissafi ne kawai. Kafa ƙarfen rezo guda ɗaya yana cin miliyoyin sefa masu yawa, kuma kafawar ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Ƙarfen yana son wuta dare da rana. Inda babu wutar kamfanin Nijelek sai inji da gazuwal, ko faifan hasken rana da batura. Yana son mai gadi, yana son mai gyara da zai zo ko da damina ta yanke hanya. Yana kuma son abin da zai haɗa shi da sauran duniya, ko dai waya ta ƙarƙashin ƙasa, ko faranti mai harba saƙo zuwa wani ƙarfen da ke hango shi. A unguwa ɗaya ta Maraɗi mutum dubbai ne ke sayen kiredi kullum, kuɗin kamfani ya dawo da riba. A ƙauye mai gida ɗari biyu, inda akasarin mutane filashin suke yi su jira a kira su, ɗan kasuwa yana buga lissafi sau ɗaya ya juya baya. Ba mugunta ba ce, kuma roƙo ba ya sauya ta. Wannan giɓin ne ake cewa kuɗin gwamnati su cike.

A 2017 aka kafa hukumar ANSI a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, aka ba Ibrahima Guimba-Saïdou jagorancinta, da wani tsari mai suna Nijar 2.0. Babban burin tsarin shi ne a haɗa ƙauyuka 15,000 na ƙasar da intanet. An fara gwaji a Fashi, can cikin hamadar jihar Agadas, da Borgo Darey a yammacin ƙasa, tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai a watan Yulin 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100, wato fiye da sefa biliyan 50, don shirin da ake kira PVI, na zamanantar da ƙauyuka. Abin da aka rubuta a takarda shi ne a kai salula da intanet mai ƙarfi ga ƙauyuka sama da 2,000, a kuma buɗe cibiyoyi 150 inda mutanen karkara, musamman mata da matasa, za su koyi ajiya da tura kuɗi ta waya.

Yadda aka tsara raba kuɗin ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan dabarar take. Gwamnati ba ta ce za ta gina ƙarafan ta riƙa sayar da kiredi da kanta ba. Gwanjo ake yi, amma a juye. A gwanjon da aka sani, wanda ya taya da tsada shi ke ɗauka. A nan kuwa sai a tara ƙauyukan da ba su da rezo kashi kashi, a tambayi kamfanoni: nawa za a ƙara maka ka kai musu? Wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi ya ci, ya haɗa da nasa kuɗin ya yi aikin, ƙarfen ya zama nasa, kula da shi ma ta zama tasa. Ƙasar Cile ta Kudancin Amurka ta yi amfani da wannan hanya tun shekarun 1990 ta kai tarho ƙauyukanta da kuɗi kaɗan. Amfaninta shi ne sefa ɗaya ta gwamnati tana jawo wasu daga aljihun kamfani. Haɗarinta kuma a fili yake: idan ba mai bin sawu, kamfani na iya karɓar tallafi, ya kafa ƙarfe, a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, bayan shekara batir ya mutu ba wanda ya waiwaya.

Akwai wani aikin kuma, na biyu, wanda ido ba ya gani saboda a ƙasa yake binne. Waya ce mai zaren gilashi, ana ce mata faiba, haske ne ke gudu a cikinta ɗauke da saƙo. Nijar ba ta da teku, alhali manyan wayoyin da ke haɗa Afirka da sauran duniya a ƙarƙashin teku suke, suna fitowa a Kwatano da Legas da Abijan. Duk saƙon da ya fita daga Maraɗi zuwa Makka sai ya ratsa ƙasar wani. An ga illar haka ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyi huɗu suka tsinke a tekun da ke gaban Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashen yammacin Afirka da dama. Don a yawaita ƙofofi ne Bankin Raya Afirka ya amince a ƙarshen 2016 ya tallafa wa babbar wayar da za ta ratsa Sahara. Rabon Nijar kilomita 1,031 ne, a hanyoyi biyar: daga Arlit ta Asamaka zuwa iyakar Aljeriya, daga Difa ta Ngigmi zuwa iyakar Cadi, daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, daga Yamai ta Doso da Gaya zuwa iyakar Binin, sai daga Yamai ta Makalondi zuwa iyakar Burkina Faso. Aikin ya ci kimanin kuɗin Turai yuro miliyan 43, kuma a watan Nuwamba na 2025 aka miƙa shi ga hukuma.

Maraɗi ba ta jira wannan ba, tun da daɗewa faiba ta bi babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa ta. Daga Maraɗi zuwa garin Madarunfa kuwa kimanin kilomita 20 ne. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Manomin fadamar Jiratawa ya fi kowa gane wannan magana: famfo na iya cika babbar kwata da ruwa har ta tumbatsa, amma idan ba a ja ƙaramar hanya zuwa fangalinsa ba, zogalensa bushewa zai yi yana kallon ruwa na wucewa. Babbar waya ta ƙasa ita ce kwatar, ƙarfen da ke bakin ƙauye shi ne ƙaramar hanyar.

Nan ne ya kamata a yi wa Madarunfa adalci. Idan ana maganar tsadar kai rezo karkara, hankali yakan tafi Bilma ko Tasara, inda za a yi tafiyar wuni ba a ga bukka ba. Gundumar Madarunfa ba haka take ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan dubu 450 a ƙananan hukumominta shida, kuma tana cikin yankunan da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar. Ƙauye na hango ƙauye. Ƙarfe ɗaya a nan zai ɗauki mutanen da sai an kafa da yawa a arewa kafin a tara irinsu. Idan ana neman inda tallafi kaɗan zai yi aiki mai yawa, kudancin Maraɗi na sahun gaba, kuma wakilan yankin na da hujjar da za su faɗi haka da babbar murya.

Sai dai kuɗin da ya fito daga waje yana tafiya da iskar siyasa. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi ga ayyukansa a Nijar, bai dawo ba sai a 2024. A watan Agusta na 2023 kuma Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, har da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, wanda Maraɗi da Damagaram ke sha daga gare shi. Sai a watan Maris na 2024 wutar ta dawo. Watannin nan sun nuna abin da injiniyoyi suka daɗe suna faɗa, cewa maganar intanet maganar wuta ce. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuma ko ɗaya cikin goma bai kai ba, duk ƙarfen da za a kafa da kuɗin jama'a ya kamata ya tsaya da hasken rana, wanda ba a roƙon kowa kafin ya fito.

Daga sama kuma wani sabon baƙo ya sauko. A watan Oktoba na 2024 gwamnati, ta hannun ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, ta sa hannu da kamfanin Starlink na Amurka, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, aka buɗe aikinsa a hukumance a watan Maris na 2025. Wannan ba ya bukatar ƙarfe ko haƙa rami. Faranti ne a kan rufi, da wuta, shi ke nan. Amma kayan sun haura jika 200 na sefa, kuɗin wata kuma wajen jika 25 aka sanar. A tuna mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024. Manomi ɗaya ba zai iya ba. Shi ya sa matasa suka mai da abin sana'a: mutum ya sayi faranti, ya raba wifi, ya riƙa sayar da tikiti na awa ko na wuni ga 'yan unguwa. A 2025 hukumar ARCEP, mai sa ido kan harkar sadarwa, ta nemi masu wannan sana'a su nemi izini kafin su ci gaba. Doka na da gaskiyarta, domin dole a san mai sayarwa da inda za a kai kuka. Amma in an sauƙaƙa takardun aka rage kuɗinsu ga mai aiki a ƙauye, waɗannan samarin za su kai intanet lungunan da babban kamfani ba zai shiga ba nan da shekaru.

Wani dattijo na iya cewa, mutumin da ke neman tiyar hatsi ina ruwansa da intanet? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta a Nijar ɗin nan aka samo ta. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa ya daina loda mota a makance. A 2010, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu a hannu, wasu ta salula. Gidajen da suka karɓa ta salula sun fi cin abinci iri iri, domin matan ba su ɓata wuni a tafiya da layi ba, kuɗin kuma ya shigo hannunsu ba tare da shela ba. Wannan fa duk da ƙaramar salula mai maɓalli ne.

Yau abin ya wuce nan. Tun 2017 ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma ke da cibiyar amsa kira da rukunonin WhatsApp da Hausa da Zabarmanci. Mai lambu ya ga ganyen tumatirinsa ya nannaɗe, ya ɗauki hoto ya tura da saƙon murya, malamin gona ya amsa masa da murya, ba sai ya iya karatun boko ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su kai huɗu cikin goma ba. Sai dai hoto ba ya tafiya a kan rezon kira kawai, sai mai ƙarfi, 3G ko 4G. Haka ɗan cirani da ke Agadas ko Libiya ko Abijan: kamfanonin Nita da Amana da Al Izza sun sauƙaƙa aiko da kuɗi, har suna da manhajoji a waya, amma tsohuwar da ke ƙauyen da ba rezo sai ta ba wani amana ya je gari ya karɓo mata. Ga kuma maganar ruwa. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ta madatsar Jibiya, kuma a daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Labarin cikar gulbi da ya riga ruwa isowa da awa biyu ya isa a kwashe yara da awaki.

Maganar tsaro ba a kauce mata. Mutanen Gabi da Safo da ƙauyukan da ke kewayen dajin Baban Rafi sun san satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa, kuma gaskiya ne ɓarawo ma da salula yake aiki. Amma shi yana da babur da kuɗin da zai nemi rezo duk inda yake. Wanda rashin rezo ke bari a duhu shi ne mai gidan da aka buga wa ƙofa da tsakar dare, ba shi da hanyar kiran jandarma ko sanar da ƙauyen gaba.

Saura tambayar da aka fi mantawa: kuɗin wa ne? Na Bankin Duniya, wani ɓangare kyauta ne, wani bashi ne da ƙasa za ta biya, wato 'ya'yan masu saurare da jikokinsu. Ban da shi, doka ta ɗora wa kamfanonin salula zuba wani kaso na cinikinsu na shekara a asusun kai sadarwa ga kowa, kuma wannan kason daga kiredin da jama'a ke saye yake fita. Mai sayar da ƙosai da ta sa na dala ashirin ta ba da nata. Dala biyun da aka fara cirewa a kan kira da forfe bayan kafa asusun ceton ƙasa a watan Oktoba na 2023, wannan asusu ne dabam mai aikinsa dabam, kada a haɗa su. Abin lura dai shi ne, duk abin da aka ɗora a kan kira da mega, a kan talaka yake sauka. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ne kada kuɗin intanet na wata ya wuce kashi 2 cikin 100 na abin da mutum ke samu, kuma Nijar ba ta kai nan ba tukuna. Ƙarfe a bakin gari ba ya amfanar wanda ba ya iya sayen babbar waya, ko matar da sai ta ari ta mijinta.

Saboda haka ƙauyen da aka kai wa rezo ba alfarma aka yi masa ba, wanda ba a kai wa ba kuma yana da bakin tambaya. Mai gari da limami da shugabar mata da shugaban samari su zauna su rubuta takarda ɗaya: sunan ƙauye, yawan gidaje, ranar kasuwa, akwai lakwal ko likita, kamfanin da rezonsa ke ɗan leƙowa da wanda ba ya zuwa sam. A kai wa magajin gari ko wanda ke riƙe da kujerarsa, a nemi ya bincika ko ƙauyen na cikin jerin shirin PVI, in yana ciki wane kamfani aka ba, yaushe ne wa'adi. Inda aka riga aka kafa ƙarfe amma ya yi shiru kwana da kwanaki, a sanar da kamfanin, in bai motsa ba a kai ƙara ARCEP, aikinta ke nan. Faifan hasken rana da baturan da ke gindin ƙarfen kuma a sa musu ido, wanda ya kwance su ya sayar, garin gaba ɗaya ya yi wa sata.

Iyaye mata da ke saurare, idan an buɗe cibiyar koyon aiki da salula a kusa da ku, ku je da kanku, kada ku aika yaro. Lambar sirrin kuɗinku kuma kada ku faɗa wa kowa a waya, ko da ya ce daga kamfani yake kira.